Tiyuna a ɗaki ko gyaran eriya a sama: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaga daifol (eriyar waya mai ɓangare biyu, kebul a tsakiyarta) ta zangon mita 40, wato zangon rediyo na wajen megahaz 7, ma'auni na nuna SWR 3:1 a megahaz 7.1, rediyon kuma sai rage wuta take da kanta. Tambayarka ita ce ko ka nemi tiyuna, wato akwatin da ke daidaita rediyo da eriya, ko ka sauko da eriyar ka gyara tsawonta. Duka biyun za su sa allurar ma'auni ta kwanta, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Rediyonka da kebul ɗin koyaks, wanda ke haɗa ta da eriya, an ƙera su ne a kan turjiyar lantarki ta om 50. Idan eriya ta zo da wata turjiya daban, wani kaso na wutar zai juyo ta cikin kebul, SWR kuwa girman wannan saɓani yake faɗa. A 1.5:1 kashi 4 cikin ɗari ke juyowa, a 2:1 kusan kashi 11, a 3:1 kashi 25. Daga wajen 2:1 yawancin rediyoyin zamani ke fara janye wuta don kada taransistocinsu su ƙone. Taka lafiyarta ƙalau, kanta take karewa.

Tiyunar da ke kan tebur rediyo kawai take rarrashi. Tana nuna mata om 50, rediyo ta saki wutarta duka, amma daga bayan tiyuna har zuwa eriya SWR na nan a 3:1, bai motsa ba. Mutane kan tsorata da wannan fiye da kima. Wutar da ta juyo ba ɓacewa take ba, tiyuna na sake tura ta sama. Inda ake asara shi ne a kai da komowar da take yi cikin kebul, tana zama zafi kaɗan kaɗan.

Ga lissafi. A ce kebul ɗinka na cin desibel 1 idan komai ya daidaita, wato cikin wat 100, kusan 79 ke isa eriya. Idan SWR a bakin eriya 3:1 ne, wajen 71 za su isa. Wanda ke sauraronka ba zai ji bambancin wat takwas ba. Amma idan ya kai 10:1, abin da ke isa wajen 45 ne kawai, sauran suna ɗumama kebul, ma'aunin ɗaki kuwa yana ta nuna maka 1:1 hankali kwance. Siririn kebul irin RG-58 ya fi RG-213 ci nesa ba kusa ba, kuma cin na ƙaruwa da tsawon kebul da hawan megahaz.

Gyaran eriya kuwa yana kashe matsalar tun daga tushe. Kafin ka taɓa almakashi, bi zangon da ma'auni ka gano inda SWR ya fi sauka. Idan a megahaz 6.8 ne, wayarka ta yi tsawo. Raba 143 da megahaz ɗin da kake so, ka sami tsawon daifol a mita: 7.1 na ba da kusan 20.1, 6.8 kuwa 21. Ke nan kimanin santimita 45 za ka rage a kowane ɓangare. Kada ka yanke. Naɗe bakin wayar ka murɗe shi a jikinta, ka ɗaga eriyar zuwa inda za ta zauna, sannan ka sake aunawa, domin abin da ta nuna tana kusa da ƙasa ba shi za ta nuna a sama ba. Da zarar ka ga 1.5:1, ka sauko ka huta. Daifol a sarari turjiyarta wajen om 73 ce, saboda haka 1.5 ɗin halinta ne. Kuma 1:1 ba shaidar kyan eriya ba ce: lodin gwaji na om 50, wanda ake sawa a madadin eriya ya shanye wutar, shi ma 1:1 yake nunawa, ba kuwa wanda zai ji ka da shi.

A naka yanayin, gyaran waya na zaɓa. Zango ɗaya kake so, aikin yamma ɗaya ne, kuma ka rage akwati ɗaya a kan tebur. Ka haɗa da balun 1:1, ƙaramar na'urar da ake sawa tsakanin kebul da eriya, a tsakiyar eriyar don kada wuta ta biyo bayan kebul ta shigo ɗaki. Idan ka lura SWR na canzawa duk sa'ad da ka matsar da kebul, alamar wuta na biyo bayansa ce.

Tiyuna na da ranarta idan kana son waya ɗaya ta yi maka zanguna da yawa. Daifol ɗin zangon mita 40 takan yi aiki a zangon mita 15, amma a zangon mita 20 turjiyar tsakiyarta dubban om ce, kuma tiyunar cikin rediyo, wadda galibi iyakarta 3:1, ba za ta iya ba. A nan ko dai ka sauya koyaks da waya mai tsani ta om 450 (wayoyi biyu jere masu kama da tsani), wadda asararta ƙalilan ce ko da SWR ya hau, ko ka kai tiyuna mai sarrafa kanta gindin eriyar, koyaks ya riƙa ganin om 50 tun daga can har ɗaki.