Murfin kofi mai tudun baki: abin da na gani bayan wata huɗu ina zuba shayi da kunu

Ina da ɗan shago a Kano inda nake sayar da shayi da kunun gyaɗa da safe, da rana kuma zoɓo da kunun aya. Yawancin masu saye ba sa zama. Ma'aikata ne da ɗalibai da direbobi, a zuba musu a kofin takarda, a rufe, su kama gabansu. Shekara biyu ina amfani da shimfiɗaɗɗen murfin nan da ake ɓalle gefensa a sha, ban taɓa ɗaukarsa abin dubawa ba, sai ranar da wani dattijo da ke zuwa kullum bayan asuba ya miƙo mini kofinsa ya ce, "'Yata, shayinki ba shi da laifi, amma murfin nan yana hana ni jin daɗinsa. Bakin yana kartar leɓe, in kuma na kusa ƙarasawa sai na ɗaga kai kamar mai haɗiyar magani." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, in sha Allahu zan duba." A satin na shiga Sabon Gari na ɗauko katan ɗaya na murfi mai tudu. Yau wata huɗu ke nan ina aiki da shi, har da azumi a ciki, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa masu sana'a irin tawa abin da na tarar.

Ga siffarsa ga wanda bai lura da shi ba. Gefensa ya taso sama da bakin kofi kamar faɗin yatsa, ƙofar sha tana kan wannan tudun, doguwa 'yar siririya. A bayan ƙofar akwai wani kwarmi mai siffar jinjirin wata, nan leɓen sama ke zama. Can ɗaya gefen kuma akwai huda ƙarama, kamar an soka allura. Siffar tana da asali. Wani mai zane a kamfanin Solo na Amurka, Jack Clements, shi ya fito da ita, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1986, ana kiran murfin Traveler. Gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ma ya ajiye shi cikin kayansa. Wanda na saya ba na Solo ba ne, kwaikwayonsa ne irin wanda ya cika kasuwa, amma tsarin ɗaya ne.

Abu na farko da na ji da bakina shi ne leɓe ya samu wurin zama. Tudun yana shiga tsakanin leɓe biyu kamar yadda bakin kofin tangaran ke shiga, babu kaifi, babu wani ɓallen roba da ke lilo yana taɓa hanci. Da yake tsakiyar murfin ta yi ƙasa, hanci yana samun sarari, don haka kofin ake karkatawa, wuya yana hutawa. Ga direba wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idonsa ba ya barin titi. Wani mai adaidaita sahu da ke ɗaukar shayi kullum ya ce mini, "Hajiya, wannan karon kin yi dabara, ko a cikin gargada ina kurɓa." Kwarmin kuma yana tare ɗigon da ya tsere, ba ya gangarowa kan yatsu ko riga.

Sai dai abin da ya fi koya mini darasi ita ce 'yar hudar nan da ba wanda ke kallo. A mako na uku mutum biyu suka dawo da ƙorafi iri ɗaya: shayin ya ƙi fitowa, da suka zuƙa kuma ya taho gaba ɗaya ya ƙona musu harshe. Na ɗauki murafun na ɗaga su a hasken taga ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi a wani jeri injin bai huda su ba, alamar hudar kawai ya bari. Na zuba ruwan ɗumi a kofi biyu, ɗaya da murfi mai huda, ɗaya da marar huda, na karkata su a kan roba. Mai huda ya zubo siriri a natse. Marar huda ya yi ta shaƙewa, ya tsaya, ya ɓulɓulo, ya sake tsayawa. Dalilin a fili yake: duk ruwan da ya fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In babu wata hanya, iskar da ruwan sai su yi ta cunkoso a ƙofa ɗaya, kamar yadda gwangwanin madara ke yi in an huda shi wuri ɗaya kawai. Iyayenmu ai sun san wannan tun tuni, shi ya sa suke huda gwangwani gefe biyu. Tun daga ranar, kafin in buɗe shago ina ɗaga kowane jeri a haske, wanda bai hudu ba in soka masa tsinken sakace mai tsabta. Aikin minti biyar ne, kuma tun da na fara ba wanda ya sake dawowa da wannan kukan.

Zafi shi ne abin da nake so masu shayi su fi kula da shi. Murfin nan yana riƙe zafi sosai, da hunturu kuwa abin so ne. Amma yana ɓoye tururi, kuma yana hana mutum hura shayi ko ya ɗan taɓa shi da leɓe kafin ya kurɓa. A buɗaɗɗen kofi, ido da hanci suna yi wa baki gargaɗi. A rufaffe, harshe ne ke fara sani. A 2016 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar daji ta maƙoshi. Mu kuwa ruwa daga kan wuta muke juyewa, yana dab da digiri 100. Don haka na koma wa al'adar masu shayi ta asali: in sheƙa shi tsakanin kofi biyu sau uku ko huɗu, ya sha iska, sannan in rufe. Haka nan sukari da madara duk ina haɗawa kafin murfi ya hau, ina tambayar mutum yadda yake so tun yana tsaye. Akwai shari'ar da ta yi suna a Amurka ta wata tsohuwa, Stella Liebeck, mai shekara 79, wadda a 1992 gahawa ta ƙone ta ƙuna mai tsanani a cikin mota. Abin ya faru ne daidai lokacin da take cire murfi don ta zuba sukari da madara. Duk sanda na tuna da ita sai in ƙara tabbatar da cewa babu wanda zai bar shagona da dalilin buɗe kofi a kan cinyarsa.

Inda murfin ya rage mini armashi shi ne ƙamshi. Shayina da citta da kanumfari da na'a-na'a nake dafa shi, kuma rabin daɗinsa a hanci yake. Duk wanda mura ta taɓa toshe wa hanci ya san yadda abinci ke komawa salam. Murfin yana yin kusan haka, yana kulle tururin a ciki. Na gwada shayi ɗaya a buɗe da a rufe, bambancin ba ya ɓuya: zaƙi da yajin citta suna nan, amma kanumfarin ya ja baya. Masu ƙera murfi sun san da wannan matsalar. A 2014 an fito da wani a Amurka mai suna Viora, wanda abin sha ke fara taruwa a wani kwarmi ƙarƙashin hanci kafin ya isa baki, don ƙamshin ya tashi. A kasuwarmu dai ban ci karo da irinsa ba. Abin da nake yi yanzu, wanda zai zauna a benci ba na rufe masa ko ya nema, sai in ce ya fara sha a haka ya ji.

A kunu kuwa murfin ya gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Da azumi na yi ta aika kunun gyaɗa da na tsamiya na buɗa-baki, sai saƙonni suka fara zuwa cewa ƙofar tana toshewa. Kunu yana da kauri, ga shinkafa a na gyaɗa, ga gaya a na tsamiya, ƙofar kuma an auna ta ne da gahawa, abin da ke gudu kamar ruwa. Ƙwayar shinkafa biyu sun isa su tsaya a bakin. Mutum ya wuni da ƙishirwa, ya zo shan ruwa yana fama da murfi, wannan ya dame ni ƙwarai. Na gwada murfin nan garai-garai mai faffaɗan baki da ake sha ba tare da tsinken zuƙa ba, irin siffar da Starbucks ya sanar a 2018 kuma ya mayar da ita ta yau da kullum a Amurka da Kanada a 2020. A zoɓo da kunun aya mai sanyi ya yi kyau matuƙa, har 'yar ƙanƙara tana tsayawa a ciki ba ta faɗo wa haƙori. Amma wanda na samu an yi shi da roba mai lamba 1 (lambar da ke nuna nau'in roba a jikin murfi), irin ta gorar ruwa, wadda ba ta jure zafi. Da na ɗora shi a kan kunu mai zafi sai ya yi laushi, bakinsa ya saki. Dole na koma rufe kunu da shimfiɗaɗɗen murfi marar ƙofa, in haɗa da cokali. Mun saba shan kunu da ludayi, kuma har yanzu ban ga murfin da ya kamo ƙafar ludayi a wannan aikin ba. Da masu ƙera roba na gida za su faɗaɗa ƙofar ninki biyu, su ƙara girman hudar iska, su yi shi da roba mai ɗaukar zafi, da masu koko da kunu sun saya har sai ya yanke a kasuwa.

Wasu ƙananan abubuwa da suka cece ni daga asara. Murafun da suka fi yawa faɗi biyu ne, milimita 80 na ƙaramin kofi da milimita 90 na matsakaici da babba, kuma ko lambar ta zo ɗaya wani ba ya kama wani da kyau. Ki tafi kasuwa da kofinki a jaka, ki danna a gaban mai kaya, ki ji ya yi ƙas ta ko'ina. In za ki rufe, ki juya ƙofar sha ta yi nesa da layin da aka liƙe takardar kofin, domin ta wannan layin ɗigo ke bi. Ki duba lambar da ke cikin alama mai kusurwa uku: mai 6 ya fi araha amma yana tsagewa a baki in an danna da ƙarfi, mai 5 yana lanƙwasa ba ya fashewa, kuma ya fi jure zafi. Na fara da mai 6, na zubar da da yawa, na yarda araha ba ta ado.

Wajen aike a babur, buɗaɗɗiyar ƙofar tana fesar da shayi a kowane rami. Akwai mai ɗan marfi da ke toshe ta, na sayi jeri biyu don aike kawai. Yana hana zuba, sai dai in an buɗe shi bai maƙale a baya da kyau ba, yana dawowa ya taɓa hanci, wato matsalar da na gudu tun farko.

Sharar ma tana cikin raina. Legas ta hana kwanon abinci na soso tun Janairun 2024, kuma duk wanda ya ga magudanun ruwanmu da damina ya san dalili. Na ajiye buhu a bakin shago don murafu, wanda kuma ya zo da kofinsa daga gida ina ƙara masa shayi.

Katan na biyu na riga na biya, mai lamba 5, faɗin milimita 90, na shayi kaɗai. Na roƙi mai kayan ya bar ni in buɗe jeri uku in ɗaga a haske kafin a ɗaure, ya kuwa yarda. Dattijon nan har yanzu yana zuwa bayan asuba. Ran da ba ya sauri yakan zauna a benci ya ce in bar masa a buɗe saboda kanumfarin, ran da zai wuce kasuwa kuma ya ce, "'Yata, sa mini mai tudun."