Amfilifaya mai kwalabe daga Amurka: daɗin murya da gurnanin da ya ɓata shi

Gurnani ne ya ɓata min wannan gwaji, kuma a kansa zan fi tsayawa, don na san akwai 'yan uwa a unguwannin Nima da Mamobi da Madina na Accra da ke tara sidi domin sayen irin wannan amfilifaya mai kwalabe, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti da ke aiki da kwalaben gilashi maimakon taransista, da ake saukewa daga kwantena a Tema. Nawa na hannu ne daga Amurka, kwalaben EL34 huɗu gare shi, yana ba da wat kusan 35 a kowane ɓangare. Mai shagon ya rantse min an riga an juya shi zuwa wutarmu. Kuɗin kuwa kun san ba na wasa ba ne.

Lasifika iri biyu na haɗa masa, KEF LS50 Meta da Wharfedale Linton, sannan na ajiye wani amfilifaya na taransista mai wat 100, ɗan wutarmu ta bolt 230, domin kwatanci. Falon mita 4 ne da 5, ƙasa tayil, bango bulo. Na shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin kujera da lasifikan, na janye su santimita 60 daga bango, tsakaninsu mita 2, na cusa takarda a gilasan luba don su daina karkarwa. Wanda bai daidaita ƙarfin sauti ba bai yi gwaji ba, domin kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa. Ka sa sautin 1 kHz, ka ɗora mitar auna wuta a bakin wayoyin lasifika, ka murɗa har amfilifayoyin biyu su nuna lamba ɗaya. Tsakanin lasifika da lasifika kuwa sai da ma'aunin ƙara a daidai inda kanka yake, saboda a kan wuta iri ɗaya ƙarar KEF 85 dB ce, ta Linton 90 dB. Wannan tazarar ta 5 dB tana nufin KEF na buƙatar wat fiye da ninki uku kafin ta kamo Linton.

Da Linton, wallahi mai kwalaben ya burge ni. Muryar mai karatun Alƙur'ani ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, da kaurinta da numfashinta. Goge ya fito da laushi, babu kaifin nan da ke soke kunne. Linton tana da babban faifai na inci 8 kuma tana sauka har wajen 40 Hz, don haka ganga da bes na haylaif suna da jiki. KEF ƙarama ce, faifanta inci 5.25 da ƙaramar lasifikar sama a cibiyarsa, kuma a wajen nuna maka inda kowane makaɗi yake tsaye ta fi Linton nesa ba kusa ba. Kalangu kana jin sanda aka matse tsarkiya da sanda aka sake ta. Sai dai wat 35 bai ishe ta ba. Da na taransista ta buɗe baki sosai. A nan har na yanke cewa mai kwalabe da Linton su ne haɗin da zan zauna da shi.

To amma da dare, sanda unguwa ta yi tsit aka kashe fanka, sai ga gurnani. Iri biyu ne ma. Ɗaya daga jikin akwatin yake fitowa, ka ɗora hannu ka ji yana rawa. Ɗayan daga lasifika, kuma Linton da ba ta buƙatar wuta da yawa ita ta fi tona shi, har daga kujera ana ji. Na zare duk wayoyin shiga, na mayar da murɗin ƙara sifili, yana nan. Wannan ya nuna matsalar ba daga wayar ƙasa ko na'urar da ke ba shi sauti take ba, a cikinsa take. Manhajar auna sauti a waya ta nuna tudu a 100 Hz, wato ninki biyu na 50 Hz, bugun wutarmu, alamar kafasitocin tace wuta sun gaji.

Da mai gyara ya kwance murfin, abin da muka gani ya ƙona min rai. Ba a juya komai ba. Taransifomar asali ta bolt 120, wutar Amurka, tana nan daram, sai wata 'yar taransifomar rage wuta da aka ɗaure a gefe da wayar roba, an rubuta wat 200 a jikinta, alhali amfilifaya irin wannan da kansa yana jan kusan haka ko fiye. Ƙa'ida ita ce ta rage wuta ta kai ninki biyu na abin da na'ura ke ja, wato a nan wat 500, kuma a ajiye ta a ƙasa, nesa da amfilifayan aƙalla mita guda. Ita kuwa an manna ta kusa da wayoyin shigar sauti. Ga wani abin da masu shago ba sa faɗa: taransifomar rage wuta ƙarfin wuta kawai take saukewa, ba ta mayar da 50 Hz zuwa 60 Hz na Amurka. Ƙarfen da aka naɗa domin 60 Hz idan ya sha 50 Hz, maganaɗisun cikinsa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari, sai ya yi zafi ya riƙa kuka. Wannan ba ya gyaruwa sai an sake naɗi ko an canza taransifomar ɗungurungum. Masu sayen na'urar juya faifan garmaho daga can su ma su kula: idan injinta da bugun wuta yake tafiya, juyi 33 da sulusi a minti zai koma ƙasa da 28, murya ta yi nauyi.

An canza kafasitoci da sababbi daga Zongo Lane, an fitar da ƙaramar taransifomar, an sa babba a waje, an sake saita wutar kwalaben. Kada kowa ya sa hannu a ciki da kansa, akwai wuta sama da bolt 400 da ke iya zama a kafasita ko bayan an kashe, kuma kada a kunna shi ba lasifika a haɗe. Gurnanin lasifika ya tafi kusan duka. Na akwatin bai tafi ba, kuma bayan awa biyu taransifomar asalin ba ta taɓuwa don zafi, a zafin Accra kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk sanda wuta ta yi ƙasa da yamma bes ɗinsa yana saki, na taransista ko gezau.

Har yanzu a kan murya da goge babu abin da ya kama ƙafarsa a ɗakin nan, shi ya sa abin yake min ciwo. Amma ba zan ce wa ɗan uwana ya saya ba. Linton da na taransista sun ba ni mafi yawan wannan daɗin ba tare da fargaba ba, KEF kuma ga mai ƙaramin ɗaki da amfilifaya mai ƙarfi. In dai sai mai kwalabe, a duba bayansa a ga bolt 230 da 50 Hz a rubuce daga kamfani, a sa mai shago ya kwance murfi a gabanka, a saurare shi ba kiɗa kunne dab da lasifika. Nawa mai shagon da na koma masa da 'yar taransifomar a hannu, cewa ya yi ai haka kowa yake yi, kuma ko sidi ɗaya bai mayar min ba na kuɗin gyara.