Akwatin fentin ruwa na Cotman a bakin tafkin Tiga

Mai zane a bakin tafki yana da ɗan lokaci kaɗan, domin launin ruwa da hantsi daban yake da launinsa da azahar, don haka kayan aikinsa ya kamata su zama masu saurin buɗewa da sauƙin ɗauka. A kan wannan ma'auni na gwada ƙaramin akwatin aljihu na Cotman, wanda kamfanin Winsor & Newton yake yi, kamfanin da aka kafa a Landan a shekarar 1832.

Akwatin na roba ne, yana ɗauke da ƙananan dunƙulen fenti goma sha biyu da ɗan buroshi, kuma murfinsa shi ne wurin haɗa launi. Ba sai an tafi da allo ko teburi ba, domin ana riƙe shi da hannun hagu, a ɗora takarda a kan cinya.

Abin da ya fi burge ni a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, shi ne launukan ƙasa guda uku da ke cikin akwatin. Akwai ruwan ɗorawa mai duhu, da ja irin na jar ƙasa, da ruwan ƙasa mai kauri, kuma su ne suke fitar da gaɓar tafkin da busasshiyar ciyawa da jikin kwale-kwalen masunta. Babu baƙi a ciki, amma idan aka haɗa shuɗi da jan ƙasar, sai a sami ruwan toka mai taushi wanda ya dace da hazon hunturu, lokacin da duwatsun nesa suke dushewa har ba a rarrabe su da sararin sama. Launukan kore guda biyu da ke cikin akwatin suna da haske sosai, sai an rage musu kaifi da ɗigon ja kafin su yi kama da ganyen bishiyoyinmu.

Sinadarin da ke riƙe launin fentin ruwa ƙaro ne, irin wanda ake ɗiba a Sudan da Chadi da jihohin Yobe da Borno.

Cotman jerin fenti ne da aka tanada domin ɗalibai, saboda haka launinsa bai kai na ƙwararru ƙarfi ba, farashinsa ma bai kai ba. Ɗan buroshin an yi shi ne domin ƙananan wurare, kamar igiyar koma ko tsuntsu a kan reshe. Wanda zai shafe sama da faɗin ruwa sai ya tanadi babban buroshi, musamman a iskar hunturu, wadda take busar da fenti kafin hannu ya kai ƙarshen takarda. Ya kuma nemi takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, domin sirriya takan lanƙwashe da zarar ta jiƙe. Ga ɗalibin zane da mai fara fita fili, ina ganin akwatin ya cancanci kuɗinsa.