Alsatian, Boerboel ko karen gida: wanne ya dace da gidan iyali?

A nan arewa yawancinmu don gadi muke ajiye kare. Ba a ɗaki zai kwana ba, tsakar gida zai zauna ya sha ranar Afrilu da ke wuce digiri 40, cikin yara da kaji da almajirai masu shigowa karɓar sadaka. Da wannan ma'aunin nake auna kowane iri, ba da kyan hoto ba.

Husky da Caucasian karnukan ƙasashen dusar ƙanƙara ne, kawo su Sakkwato zalunci ne, mu wuce. Boerboel na Afirka ta Kudu yana jure zafi, amma namijin yakan haura kilo 60. Lissafa abincinsa, sannan ka tuna ranar da zai ture yaro ɗan shekara 3 da sunan wasa. Rottweiler sai mai gidan da ke da lokacin horarwa. German Shepherd, wanda muke kira Alsatian, yana da basira da son yaran gida, sai dai ga zubar gashi, ga ciwon ƙugu da suke gadowa, kuma in ka kulle shi a keji wuni guda ya zama mafaɗaci.

Ni dai nawa karen gida ne, musamman wanda aka samo daga hannun mafarauta. Gashinsa gajere, kaska ba ta da maɓoya, da ido kake ganinta. Yana cin tuwo da ƙanzo, a ɗan haɗa masa da kan kifi ko tarkacen mahauta, shi ke nan. Kunnensa kuwa, ko ɓera ya motsa a bayan katanga sai ya sanar, kuma abin da kake buƙata ke nan: haushi mai tayar da mai gida, ba cizon da zai kai ka gaban alƙali ba. Masu raina shi su sani ɗan uwansa na Sahel, Azawakh, siririn karen Buzaye na Nijar da Mali, yau Turawa da rajista suke kiwonsa. Aibin karen gida ɗaya, yawo. In katangarka gajera ce, a bola za ka riƙa samunsa, ya dawo maka da ƙuma da rauni.

In zuciyarka ta nace sai na waje, to a nan ake cutar mutane. Ni an yi mini. Hoto na gani a WhatsApp, na yi cinikin biri a sama, aka aiko mini da kwikwiyo a kwali wai Alsatian ne tsantsa, har da katin allura. Kwana 5 ya fara amai da zawon jini mai wari. Likitan dabbobi ya ce cutar parvo ce, ya duba katin ya yi murmushi: babu tambarin kwalbar allura, babu hatimi, biro kawai aka sa. Kwikwiyon bai kai mako ba ya mutu. Yarana sun yi kuka, kuma da yake ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasa, sai da muka daɗe ba mu kawo wani ba.

Saboda haka ka je da ƙafarka ka ga uwar. Wanda ya ce maka "tana wajen yayana" ka bar masa abinsa. Kwikwiyon Alsatian da kwantaccen kunne yake fara rayuwa, shi ya sa masu sayar da ruwa-biyu ke cewa "zai miƙe, Alhaji"; kafin ka gane, watanni sun shuɗe, lambar mai sayarwar ta daina shiga. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Kada kuma ka yarda da mai yawo da allura a aljihu, domin maganin da ya bar sanyi ya zama ruwa.

Ko wanne ka ɗauka, har na gidan da nake yabo, a ba shi maganin tsutsar ciki, a fara allurar parvo daga mako 6 zuwa 8 a maimaita yadda likita ya tsara, ta ciwon haukan kare kuma a wata 3, a sabunta duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana haɗa ta haukan, don haka ka fara tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati.