Hattara da mai tallar furen ado a rukunonin WhatsApp na Kumasi

'Yan'uwa mata na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan wani ɗan tsiro mai kaurin ganye, ganyayen a zagaye reras, wani shuɗi, wani ruwan hoda. Yana ce masa Sempervivum, wai daga Turai aka kawo shi, wai kuma ba ya mutuwa.

Na tura masa sidi 150 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, mai okada ya kawo mini tukwane uku. Ban cika mako biyu da su ba sai sabon ganye ya tsiro daga tsakiya, kore shar. Na jiƙa tsumma na goga tsohon ganye, shuɗin ya biyo tsumman. Ashe fenti aka fesa. Fentin ya toshe wa ganyen hanyar shan iska da hasken rana, ɗaya bayan ɗaya suka ruɓe. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don ɗaya na saya wa mahaifiyata ne. Da na kira shi, ya riga ya toshe lambata.

Sempervivum na gaske tsiron duwatsu masu sanyi ne, irin su Alps da Firenis a Turai da tsaunukan Atlas na Maroko. Launinsa kore ne, ko ja, ko ruwan goro, kuma sanyi da rana ke ƙara masa ja. Shuɗi irin na hotunan nan ba ya cikin launukansa. Ko na gasken ma, zafi da laimar Kumasi, musamman ruwan Afrilu zuwa Yuli, sukan ruɓar da shi. Sunan a Latin yana nufin mai rai kullum, da wannan mai tallar yake yaudarar mutane, alhali uwar tsiron takan mutu da zarar ta yi fure, 'ya'yan da ke gefenta su ci gaba.

Yanzu mutumin ya koma sayar da iri a 'yar leda, wai kalar bakan gizo. Masu launi na musamman ba a samunsu daidai daga iri, 'ya'yan gefe ake cirewa a dasa.

Hajiyoyi, sai kun ga tsiro da idonku, kun goga ganyen, kun duba tsakiyarsa, sannan ku biya. Wadda ta riga ta tura kuɗi ta kira kamfanin layinta yau ta ba su lambar da ta tura wa.