Gantsara baya a yoga: tsarin Ashtanga ko na Iyengar?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce tana wuni zaune a ofis, tana so ta tsara wa kanta atisayen gantsara baya a gida, amma ta rasa wanne za ta bi, Ashtanga ko Iyengar.

'Yar'uwa, malaminsu ɗaya ne. Pattabhi Jois mai Ashtanga da B.K.S. Iyengar duk sun yi karatu a hannun Krishnamacharya a Mysore ta Indiya, daga baya kowa ya kama hanyarsa.

A Ashtanga jerin a ƙayyade yake, ba a taɓa shi. Za ki fara da Surya Namaskar, wato jerin motsin ɗumama jiki, ki yi na tsaye, ki yi na zaune, sai can wajen ƙarshe, jiki ya yi zafi gumi na zuba, ki kwanta rigingine ki tura hannu da ƙafa ki ɗago kamar baka. Wannan shi ne Urdhva Dhanurasana, sau 3, kowanne numfashi 5, sannan ki sunkuya gaba kan ƙafafu don baya ya saki. Yana gina ƙarfi sosai, sai dai akwai sauri, kuma an yi shi ne don a koya a gaban malami.

Iyengar, wanda ya buɗe cibiyarsa a Pune a 1975, ya yarda a sauya jeri gwargwadon jikin mutum, a kuma jingina da kujera, bango, bel ko matashi, a daɗe a wuri guda.

Ni dai na biyun zan ba ki, ga dalili. Ƙasusuwa 5 na kwankwaso suna lanƙwasa baya cikin sauƙi, amma 12 na gadon baya haƙarƙari ya riƙe su. Mai yawan zama kuwa gaban cinyarta da kafaɗunta sun ɗaure, don haka da ta gantsare duk nauyin kan kwankwaso yake sauka. Shi ya sa wasu ke tashi suna dafe ƙugu.

Saboda haka ki ba shiri fiye da rabin lokacin. Ki sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗayar ƙafar a gaba, ki tura ƙugu har ki ji gaban cinya yana ja. Ki ɗora gwiwar hannu a kan kujera ki bar ƙirji ya nutse. Daga nan rub da ciki, Shalabhasana (ki ɗaga ƙirji da ƙafafu) da Bhujangasana (ki dafa ƙasa ki ɗaga ƙirji), ƙirji ya tashi kaɗan kawai. Sai Setu Bandha, ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa ki ɗaga ƙugu, matashi a ƙarƙashinsa. Ustrasana, gantsarar da ake yi a durƙushe, ya jira wasu makonni, kuma idan kin fara ki manna cinya da bango.

Da kin gama kada ki faɗa sunkuyo mai zurfi nan take. Ki murɗa jiki a hankali a kwance, dama da hagu, sannan ki huta.

Idan numfashi ya fara sarƙewa ko kika ji suka a kwankwaso, ki sauko. Mai juna biyu, mai hawan jini ko mai tsohon ciwon baya ta fara ganin likita tukuna.