Taitaniyam ko kobal-kuromiyam: wanne za a narka da leza don dashen jiki?

Tambayar nan ta yawaita, don haka ga yadda nake ganin waɗannan ƙarafa biyu, waɗanda ake ƙera sassan da ake dasa wa mutum a jiki da su. Aikin iri ɗaya ne: na'ura ta shimfiɗa garin ƙarfe siriri, hasken leza ya narka shi, ta ƙara wani a kai, har sashen ya fito.

Wajen nauyi, taitaniyam ya fi sauƙi, kusan rabin kobal-kuromiyam. Amma babban abin shi ne tauri. Ƙarfen da ya fi ƙashi tauri da yawa yakan ɗauke masa nauyin da ya saba ɗauka, ƙashin da ba ya aiki kuwa sai ya fara zaizayewa. Taurin kobal-kuromiyam ya kusan ninka na taitaniyam. Da leza kuma ana iya yi wa taitaniyam ƙananan ramuka kamar soso, ya ƙara laushi, ƙashi ya tsiro cikinsa ya riƙe. A nan ne ya burge ni.

Sai dai garin taitaniyam na da tsada, yana kama wuta, kuma dole a narka shi cikin iskar agon, wadda ba ta yi wa ƙarfe komai, don kada iskar oksijin ta ɓata shi.

Kobal-kuromiyam ya fi jure gugar yau da gobe, amma idan ƙarfe na gugar ƙarfe yakan saki ƙwayoyin kobal cikin jini.

Mai neman abin da zai manne da ƙashi, kamar a ƙashin baya ko kwankwaso, taitaniyam. Mai haɗa ƙarfen da ke riƙe haƙoran roba ko fuskar gaɓar gwiwa, kobal-kuromiyam ya fi dacewa.